Me Ya Sa Sautin Laftof Ke Raunana Idan An Ɗora Linux?

Wanda ya sauke Windows ya ɗora Ubuntu ko Fedora a laftof ɗinsa yakan ga komai ya tafi daidai, har sai ya kunna karatu ko waƙa. Sai murya ta fito siririya, ba nauyi, kamar daga cikin gwangwani. Nan take a yanke hukunci cewa Linux ba ta iya sauti. Amma mafi yawan laifin na kamfanonin da suka ƙera laftof ɗin ne.

Lasifikar laftof ƙarama ce, kuma an matse ta a siririn akwati, ba za ta iya fitar da sauti mai kauri da kanta ba. Manhaja ce ke rufa mata asiri. Kamfani yakan auna kowane samfuri, ya ƙara ƙarfi a inda lasifikar ta gaza, ya rage a inda take tsiwa, sannan ya cusa wannan gyaran cikin manhajoji irin su Dolby Atmos da Waves MaxxAudio, waɗanda aka yi wa Windows. Linux ba ta samun ko ɗaya, don haka abin da kake ji shi ne ainihin muryar lasifikar ba kwalliya.

Wani lokacin ma rabin lasifikokin ne ke aiki. Laftof da yawa na Asus, Lenovo da HP suna da ƙaramin amfilifaya na Cirrus Logic, CS35L41. A wasu samfuran, BIOS, wato manhajar da ke tashin laftof, bai ƙunshi bayanan da Linux ke buƙata don ta tashe shi ba, sai lasifikokin sauti mai kauri su yi shiru. Masu gyaran kanel, wato zuciyar Linux, dole su riƙa shigar da lambar kowane samfuri da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na wahala da kamfani zai iya kawarwa tun a masana'anta.

Masu aikin Asahi Linux, waɗanda suka ɗora Linux a kan MacBook masu M1 da M2, su ne suka nuna girman lamarin. Da gangan suka bar lasifikokin a kashe har ƙarshen 2023. Dalili kuwa, a cikin kowace lasifika akwai naɗin siririyar waya da ke zafi idan wuta ta yi yawa, kuma a waɗannan na'urori manhaja ce ke hana ta ƙonewa. Sai suka rubuta speakersafetyd, wadda ke karanta wutar da ke shiga lasifika, ta lissafa zafin wayar, ta rage ƙarfi kafin a yi ɓarna. In manhajar ta daina aiki, kanel da kansa yake dakushe sautin. Suka kuma auna samfuran da makirufo suka yi musu gyara, suka haɗa da Bankstown, wadda ke ƙara wasu sautuka da ke sa kunne ya ji kaurin da lasifikar ba ta fitar ba.

Sauran laftof fa? PipeWire, tsarin sautin da Fedora ta ɗauka a 2021 da Ubuntu a 2022, ta sauƙaƙa gyara, kuma manhajar EasyEffects na ba ka damar daidaita sautin da kanka. Sabon kanel kan warware matsalar amfilifaya. Tura ƙara sama da kashi 100 kuwa yakan jawo karkarwa.

Tsofaffin ThinkPad da Latitude da ake sayarwa na hannu galibi ba su da rigimar amfilifaya. In sabuwa za ka saya, je da Linux a filasha, ka kunna ta a gaban mai shago, ka saurari kowace lasifika kafin ka biya.