Gudun Keke Idan Ana Jan Yara a Baya

A biranen Jamus da Denmark, ba abin mamaki ba ne ka ga uba yana tuƙa keke, ya ɗaura masa 'yar amalanke mai ƙafa biyu da rumfa, yara na zaune ciki. Dokar hanya ta Jamus ta yarda a ɗauki yara har biyu da ba su cika shekara 7 ba, muddin mai tuƙin ya kai shekara 16.

To, wane irin gudu ake yi? Kamfanin Burley na Amurka, mai ƙera irin waɗannan amalanke, ya ce kada a wuce kilomita 24 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi, a kwana kuwa a rage zuwa 8. A zahiri yawancin iyaye ba sa kai wannan iyaka. Nauyin yara biyu da na amalanken kan haura kilo 40, rumfar kuma tana tare iska, ga hawan tudu da ke cinye ƙarfin ƙafa.

Abin da ya fi damuna gangara ce. Nauyin na turo keken daga baya, birki ba ya kamawa da wuri, kuma idan ƙafa ɗaya ta hau dutse cikin kwana, amalanken na iya kifewa da yaran.