Julia Child, Malamar Girki

A ƙasar Amurka an yi wata mace wadda ake kira Julia Child. An haife ta a garin Pasadena cikin shekarar 1912. Doguwa ce ƙwarai, tsawonta ƙafa 6 da inci 2. Gidansu na masu hali ne, akwai kuku mai yi musu abinci. Saboda haka ta girma ba ta iya girki ba.

Lokacin yaƙin Hitila ta yi aikin gwamnati a tsibirin Silon da ƙasar Sin. A can ta gamu da Paul Child, suka yi aure cikin 1946. Cikin 1948 aiki ya kai mijin Faransa, ta bi shi. Ranar da suka sauka suka ci abinci a garin Rouen. Aka kawo mata kifi soyayye da man shanu. Ba ta taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Tun daga ran nan ta ƙudura sai ta iya.

Ta shiga makarantar koyon girki ta Cordon Bleu a birnin Faris tana da shekara 37. 'Yan ajinta maza ne, tsofaffin soja. Da aka yi jarrabawa ta fāɗi. Ta sake zama, ta ci, aka ba ta takardar shaida cikin 1951.

To, ga aikin da ya sa muke tunawa da ita. Ta haɗa kai da wasu mata biyu Faransawa, Simone Beck da Louisette Bertholle, suka shiga rubuta littafin girki domin matan Amurka. Mu nan mun san yadda yarinya ke koyon tuwo. Tana zaune kusa da uwarta, tana ganin yawan gari da yawan ruwa, har hannunta ya saba. Amma wadda ba ta da mai nuna mata fa? Littafi ba shi da hannu. Idan ya ce a sa gishiri kaɗan, kaɗan ɗin wani ya yi wa wani yawa. Don haka Julia ta auna kome da cokali da kofi. Ta faɗi ƙarfin wuta da minti nawa tukunya za ta yi. Ta lura garin alkamar Amurka ba ɗaya yake da na Faransa ba, sai ta yi ta gwadawa tana sake awo. Abinci ɗaya ta kan dafa shi sau da yawa kafin ta yarda a rubuta.

Aikin ya ci kusan shekara 10. Masu ɗab'i na farko suka ƙi shi, suka ce ya cika yawa. Wani kamfani ya karɓa, littafin ya fito cikin 1961, shafinsa fiye da 700. Aka yi ta saye.

Cikin 1963 ta fara koyarwa ta talbijin a birnin Boston. Nan ne jama'a suka so ta, don ba ta ɓoye kuskurenta. Wata rana tana juya wainar dankali, sai wani sashe ya zube bisa murhu. Ta kwashe ta mayar cikin kasko, ta ci gaba da darasi. Mutane kan ce kaza ce ta yar a ƙasa, amma wannan ƙari ne. Masu tsoron ɓata abinci suka ga malama ma tana ɓatawa ta gyara.

Da ta tsufa, cikin 2001, ta ba gidan ajiye kayan tarihi na birnin Washington madafarta duka, da tukwane da wuƙaƙe da teburorin da mijinta ya sa aka ƙara wa tsawo saboda tsayinta. Ta mutu ran 13 ga Agusta 2004, saura kwana biyu ta cika shekara 92. Abincin da ta ci na ƙarshe romon albasa ne irin na Faransa.