Mutuwar Sarauniyar Ingila da ɗage wasannin Firimiya: wa ya ba da umarni, wa ya yi asara?

Ranar Litinin 19 ga Satumba 2022 aka binne Sarauniya Elizabeth ta II, kwana 11 bayan mutuwarta, amma ko bayan nan musun da aka fara a gidajen kallon ƙwallo bai lafa ba. Daga Agege zuwa Sabon Badun, daga Fatakwal zuwa karar Lokpanta, tambayar ɗaya ce: don me za a tsayar da Firimiya saboda tsohuwa mai shekara 96 ta mutu? Wasu na cewa dokar ƙasarsu ce, wasu na cewa sabon sarki ne ya ba da oda. Duka biyun babu wanda ya dace. Bari mu bi abin daki-daki, don wanda zai yi musu ya yi shi da hujja a hannu.

An sanar da mutuwar ne ranar Alhamis 8 ga Satumba 2022, da ƙarfe 6:30 na yamma. A wannan lokaci na shekara agogonmu da na Landan ɗaya ne, shi ya sa da yawanmu muna zaune gaban talabijin labarin ya same mu. Arsenal na wasa da Zurich a gasar Europa, aka yi shiru na minti ɗaya kafin a dawo daga hutun rabin lokaci. Da ƙarfe 8 Manchester United ta buga da Real Sociedad a Old Trafford, 'yan wasa da baƙin ƙyalle a hannu, aka ci United 1-0. West Ham ma ta buga a Landan, magoya bayanta suka rera taken ƙasa da kansu ba wanda ya sa su. Ke nan a daren da aka yi mutuwar ma an taka leda.

Washegari Juma'a ne hukumar Firimiya ta sanar cewa ta ɗage duka wasanni 10 na ƙarshen makon. Ƙananan lig-lig suka bi sahu, Sikotilan ma haka. Hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, ta wuce nan, ta tsayar har da wasan yara na unguwa da na 'yan sha'awa da ke bugawa ranar Lahadi.

Wurin da jama'a ke ruɗewa shi ne batun gwamnati. Takardar da gwamnatin Birtaniya ta fitar kan yadda za a yi makoki ta faɗa ƙarara cewa ba dole ba ne a soke wasa ko taro, kowace hukuma ta yi abin da ta ga ya dace. Shawara kawai ta bayar cewa a duba batun ranar binnewa. To sai sauran wasanni suka ɗauki wata hanya daban. Kurket tsakanin Ingila da Afirka ta Kudu an huta ranar Juma'a, Asabar aka ci gaba, filin cike da mutane suna rera taken ƙasa da sunan sabon sarki. Zari-ruga aka buga. Golf aka ci gaba. Hatta tseren dawaki, wanda duk duniya ta san shi ne abin da marigayiyar ta fi so, ranar Lahadi ya dawo. Ƙwallon ƙafa kuwa ta rufe shago gaba ɗaya.

Masu goyon bayan ɗagewar suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Matar nan ta yi shekara 70 kan mulki, yawancin Turawan Ingila ba su taɓa sanin wani mai sarauta ba sai ita. Ita ce uwar ƙungiya ta FA, jikanta Yarima William shi ne shugaban hukumar a lokacin. Ita ta miƙa wa Bobby Moore Kofin Duniya a Wembley a 1966, wanda shi ne kaɗai Ingila ta taɓa ci. A ganinsu, a ce uwar gida ta mutu Alhamis, Asabar kuma ana tsalle ana ihun an ci ƙwallo, bai yi tsari ba. Mu ma da muka taso a gidajen da ake kashe rediyo in an yi rasuwa a maƙwabta, mun fahimci wannan.

Amma ɗaya ɓangaren ya fi yawa, har a Ingilar. Ƙungiyar magoya bayan ƙwallo ta ƙasar ta ce an yi asarar damar da 'yan kallo za su nuna girmamawa. Tsofaffin 'yan wasa irin su Gary Neville da Peter Crouch sun nuna gara a buga. Hujjarsu mai sauƙi ce: ina ne a Ingila za ka tara mutum 50,000 ko 70,000 wuri guda su yi tsit, sannan su rera take tare, in ba a filin ƙwallo ba? Ka hana wasa, kowa ya zauna gida shi kaɗai, ina makokin yake? Masu bin tarihi kuma suka tono cewa a Fabrairun 1952, da mahaifinta Sarki George na VI ya mutu, an buga wasannin lig a ƙarshen wannan makon, aka yi masa shiru a filaye.

Akwai kuma dalilin da hukumomi ba su furta ba, amma masu sharhi da yawa suka ce shi ne ƙashin bayan maganar: tsoro. Tsoron kada a ce a yi shiru, wasu 'yan kallo su yi ihu, duniya na gani. Ga wanda bai sani ba, ba kowane ɗan Birtaniya ke ƙaunar gidan sarauta ba. Magoya bayan Liverpool sun yi wa taken ƙasa ihu a wasan ƙarshe na kofin FA a watan Mayun 2022, Yarima William na tsaye a wurin. Fushinsu ya samo asali tun shekarun 1980, lokacin da suke ganin gwamnatin Margaret Thatcher ta yi watsi da garinsu, sai kuma abin da ya faru a Hillsborough a 1989, inda turmutsitsi ya yi sanadin mutuwar magoya bayansu 97, 'yan sanda suka ɗora laifi kan waɗanda suka mutu da 'yan uwansu 'yan kallo. Sai a 2016 bincike ya wanke su. Wanda aka yi wa haka, kada ka yi mamaki in ya ƙi tashi tsaye don taken ƙasa. Celtic ta Sikotilan kuwa tushenta 'yan Ailan ne, su kuma tarihinsu da masarautar Ingila tarihin jini ne.

To da aka gwada, me ya faru? Ranar Talata 13 ga wata Liverpool ta karɓi Ajax a Anfield a kofin zakarun Turai. Aka yi shirun, in ban da wasu 'yan tsiraru da suka yi hayaniya aka tsawata musu, filin ya yi tsit. Magoya bayan Celtic kam sun ɗaga kyallaye masu zagi a wasansu da Shakhtar. Su kuma Rangers, abokan gabarsu, suka sa taken ƙasa kafin wasansu da Napoli duk da UEFA ta hana. Gari ɗaya, Glasgow, kulob biyu, kowa ya nuna abin da ke cikinsa. Kuma sama ba ta faɗo ba. A nawa ganin wannan ya nuna ɗagewar farko ba ta hana komai ba, jinkirta shi kawai ta yi da kwana uku.

Kada a haɗa wannan da ɗagewar mako na biyu, don dalilinsu daban. Ranakun 16 zuwa 18 ga wata an buga wasa bakwai, aka ɗage uku: Chelsea da Liverpool, United da Leeds, sai Brighton da Crystal Palace. Nan maganar 'yan sanda ce. A Ingila babban wasa ba ya yiwuwa sai da isassun 'yan sanda a fili da tashoshin jirgin ƙasa, su kuwa an kwashe su daga ko'ina an kai Landan, sama da 10,000 aka jibge saboda jana'izar. Shugabannin duniya sun cika garin, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ne ya wakilci Najeriya. Ga layin masu son ganin akwatin gawar, wanda David Beckham da kansa ya tsaya a ciki kusan awa 12. Wannan ɗagewar ban ga wanda zai yi jayayya da ita ba. A wasannin da aka buga kuma an yi shiru, an rera take, aka yi tafi a minti na 70 saboda shekarunta 70 a gadon mulki. Abin da masu suka suka ce a yi tun farko ke nan. (A wannan makon ne ma Arsenal ta saka Ethan Nwaneri, yaro ɗan asalin Najeriya mai shekara 15, a wasan da ta ci Brentford 3-0, ya zama mafi ƙanƙanta da ya taɓa buga Firimiya.)

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, wato wanda ya biya kuɗin wannan makoki. Haaland albashinsa na tafiya ko an buga ko ba a buga ba. Masu kulob kuɗin talabijin ɗinsu na nan, don wasan za a buga shi daga baya. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai aikin rana: masu duba tikiti a ƙofa, masu sayar da abinci a bakin fili, masu shara, direbobin bas. Yawancinsu sai an yi wasa ake biyansu. Ga magoya bayan da suka riga suka sayi tikitin jirgi, suka kama ɗaki a otal, wasu daga wata ƙasa suka taso. Sanarwar ta fito ne ƙasa da kwana ɗaya da rabi kafin a fara wasan farko, abinci an riga an saya, sai dai wasu kulob suka raba wa mabuƙata. Kuma duk wannan a lokacin da tsadar rayuwa ta sha wa talakan Ingila kai.

Asarar ta tsallako teku ta same mu. Mai gidan kallon da nake zuwa ya biya kuɗin dikoda na wata cif, ya sayi fetur na janareto, yana lissafin Manchester City da Tottenham ranar Asabar, Arsenal da Everton da kuma Palace da United ranar Lahadi. Ga 'yan Chelsea na ɗokin ganin wasan farko na sabon koci Graham Potter da Fulham, bayan an kori Tuchel ranar Laraba. Naira 100 kowane kai, babban wasa ya ɗan ƙara, benci ya cika har a tsaya a baya. Ya kunna La Liga da Serie A, amma kowa ya san a wajenmu Firimiya ce ke cika gida. Mai shayi da mai tsire da ke ƙofar gidan kallon su ma ranar sun koma da saura. Babu wanda ya yi shawara da su, babu wanda zai biya su.

Mu mazauna kudu mun fi kowa sanin wannan lissafi. A garuruwan Yarabawa da yawa in Oba ya mutu akan rufe kasuwar sarki na wasu kwanaki, wani wurin har da hana fita da dare. A Binin, bayan an sanar da mutuwar Oba Erediauwa a 2016, fada ta umarci mazan masarautar su aske kai. Baƙo ba ya musu da al'adar masu gari, kuma bai kamata ya yi ba. Sai dai Baba, wanda ya fi shekara 30 yana fataucin shanu, ya kan ce saniya ba ta san an yi mutuwa ba. Tirela ta taso daga Arewa ta kwana biyu a hanya, ta iso ta tarar an rufe kasuwa, dabba sai ta ci ta sha, kullum tana ramewa, kuɗin ciyawa na hawa, mahauta na jira a kwata. Shi ya sa a kara in babban dillali ya rasu, za ka ga an ajiye ciniki an tafi an yi masa sallah an kai shi, an zauna an yi gaisuwa, sannan a dawo. Ba wanda zai ce ba a girmama shi ba. Da Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014, bayan sama da shekara 50 yana sarauta, a ranar aka yi masa sutura, kuma taron da ya fito ya ishi kowa shaida. Wani abokina a gidan kallo ya ce Turawa kwana 11 suka yi suna abin da muke gamawa kafin magariba. Aka yi dariya, amma wani dattijo ya ce masa, “Kai yaro, kowa da irin kukansa.” Ni ma ban ga laifin tsawon makokinsu ba, ƙasarsu ce, sarauniyarsu ce. Abin da na ƙi shi ne a ce manya su yanke shawarar nuna alhini, a cire kuɗin daga aljihun mai sayar da burodi a bakin fili.

Wani abin da musun ya tono a wajenmu shi ne tambayar ko mu ma makokin ya shafe mu. Akwai masu tuna cewa ta zo Najeriya a 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, ta sake dawowa Abuja a 2003. Akwai kuma masu cewa mulkin mallaka aka yi mana da sunan gidansu, don haka ba su da hawayen da za su zubar. A benci ɗaya za ka same su, duk sanye da rigar Arsenal. Na lura kuma yawancin masu zafin cewa a buga wasa ba siyasa ce ta dame su ba, wasu tikitin cacarsu ne ya lalace, wannan kuwa Allah ya shirye su.

Ga masu tambayar yaushe aka biya bashin wasannin, sai da aka yi haƙuri, don a 2022 babu wuri a jadawali. An fara Kofin Duniya a Katar ranar 20 ga Nuwamba, Firimiya ta tsaya mako guda kafin nan, ba ta dawo ba sai 26 ga Disamba. Kafin lokacin, tsakiyar kowane mako cike yake da wasanni. Wasan Arsenal da PSV da aka ɗage saboda ƙarancin 'yan sanda an mai da shi 20 ga Oktoba, wannan kuma ya ture wasan Arsenal da Manchester City da aka tsara a makon. Ke nan bashin ya zama wasa 14, kuma sai sabuwar shekara aka fara biya, lokacin da 'yan wasa suka dawo daga Katar a gajiye. United da ta buga wasan lig na ƙarshe ranar 4 ga Satumba, inda ta ci Arsenal 3-1, ba ta sake buga Firimiya ba sai 2 ga Oktoba, kuma gidan City ta je.