Shin Ko Kun San Mangwaro Da Kansa Yake Zubar da 'Ya'yansa?

Ku bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga zuwa Shagari a ƙarshen hunturu. Ku leƙa gindin mangwaron wani lambu. Ƙasa ta cika da 'yan ƙananan 'ya'ya kore shar! Mai lambu yana ta salati. To ku saurara, yawanci bishiyar lafiyarta ƙalau.

Shin ko kun san reshen fure guda ɗaya na mangwaro yana iya ɗaukar furanni ɗaruruwa, wani ma dubbai? Amma ko ɗaya cikin ɗari ba ya kaiwa ga nuna. Ɗaya cikin ɗari fa! Reshen da ya yi wannan uban fure, sau da yawa mangwaro ɗaya ko biyu zai ba ku.

Kun san me ya sa? Da yawan furannin maza ne zalla, ba za su taɓa zama 'ya'ya ba. Sauran kuma sai ƙwari sun kai musu garin fure. Wane ƙwaro ne kan gaba? Ƙuda! Ƙudan nan da kuke kora yana cikin manyan ma'aikatan mangwaro.

Zubar kuma ba sau ɗaya ba ce. Wasu 'ya'yan suna faɗuwa tun ba su kai ƙwayar wake ba, wasu sai sun tasa. Bishiyar ce ke toshe hanyar ruwa a gindin tsinken, ta saki abin da ba za ta iya ciyarwa ba. Da bazara ta shigo, zafi a yankin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. In ƙasa ta bushe, sakin ya ƙaru. Ban ruwa kan kari shi ne maganin.

Ga wanda ya fi ɗaga mini hankali. Wani ƙudan 'ya'yan itace daga Asiya, an fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Macen tana huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai. Tsutsa ta ci ciki, mangwaro ya faɗo, tsutsar ta shige ƙasa, ta fito da fukafukai! Wanda ya faɗo da tsutsa kada a bar shi a gindin bishiya. A tsince, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana, ko a binne shi da zurfi. Ku gaya wa maƙwabcinku mai lambu, don ƙudan ba ya tsayawa a shinge.