Ko Ka San Zarton Da Ba Ya Ci Sai An Ja Shi?

Akwai wani zarto da ake kafawa a kan doguwar sanda, mutum na tsaye a ƙasa yana rage rassan itace da shi. Abin da ya fi burge ni game da shi haƙoransa ne, domin baya suke kallo, wajen mai riƙo. Zarton kafinta da muka saba gani sai an tura shi yake cin katako, wannan kuwa sai an jawo shi.

Ga dalili. Ƙarfen siriri ne, yana can sama mita uku ko huɗu daga hannunka. In da turi zai yi aiki, da ya cije sai ya lanƙwashe ko ya karye. Ja kuwa miƙar da shi yake yi, nauyin sandar ma yana taimaka masa ya nutsa cikin reshe. An kuma tanƙwara bakinsa kamar lauje don kada ya zame. Kafintocin Japan sun daɗe da gane wannan. Zartunansu na gargajiya da ja suke ci, shi ya sa suka fi na Turawa sirantaka, yankansu kuma ya fi tsabta.

Manoman Sae Sabuwa da ke jihar Maradi a Nijar na da buƙatar irinsa. Tun daga 1983, da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara jan hankalin manoman Maradi su riƙa renon tohon kututture maimakon sare shi, wannan dabara da ake kira sassaben zamani ta bazu, ƙauyen Dan Saga na yankin Agye ya yi suna a kanta. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5 na Nijar. Gawon da aka rena da adda yanzu ya fi ƙarfin adda. Da rani, lokacin da shi ke da ganye, sai ka ga yaro ya hau can ƙoli da gatari don dabbobi su samu abinci. Ga ƙaya, ga haɗarin faɗuwa, ga reshe yana ɓallewa ya ɗaye ɓawo har gindi, ruɓa ta samu hanya.

Da zarto, fara ɗan tsaga reshen ta ƙasa, sannan ka yanke ta sama gaba kaɗan da tsagar, daga baya ka cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke tushen reshe. Kada ka taɓa kumburin nan, daga shi ne sabon ɓawo ke tasowa ya rufe raunin.

Tsaya a gefe, sandar na karkace, ba ƙarƙashin reshe ba. Kare idonka daga garin itace, ka kori yara da dabbobi. In kuwa wayar lantarki na kusa da itacen, ajiye zarton ka kira ma'aikatan wuta.