Abin Da Saniya Da Tunkiya Suka Koya Mana Game Da Ƙaramin Ciki

A wurin awo mata kan tambaye mu: "Sista, yaya kuka san abin da ke faruwa a mahaifa tun ciki bai cika wata ba?" Amsar ita ce, da yawa daga cikin wannan ilimi a wurin shanu da tumaki aka samo shi.

Dalili kuwa, ba a yarda a yi ta gwaji da tayin ɗan Adam ba. A Birtaniya, dokar 1990 ta hana a raine shi a ɗakin bincike fiye da kwana 14. Shi ya sa masana suka koma ga dabbobi. An daɗe ana amfani da ɓeraye, amma cikinsu mako 3 ne kacal, kuma 'ya'ya da yawa suke haifa. Saniya kuwa wata 9 take yi, kuma galibi maraƙi ɗaya take haifa. Ƙwanta ma ba ya wuyar samu, a mayanka ake tattaro shi.

Idan ƙwai ya haɗu da maniyyi, sai ya rabu biyu, ya zama huɗu, ya zama takwas. Da farko da guzurin da ke cikin ƙwan yake rayuwa. Na ɓera tun yana biyu yake fara sarrafa kansa, amma na mutum da na saniya sai sun kai wajen takwas. Sai dai akwai bambanci: tayin mace yana nutsewa a bangon mahaifa cikin kamar mako guda, na saniya sai kusan mako uku yake mannewa. Don haka duk abin da aka gani a dabba, sai an tabbatar da shi kafin a yi wa mata.

Ga wasu amfanin da aka samu. A 1973, a Kambirij ta Ingila, aka haifi maraƙi daga tayin da aka daskarar. A 1984 aka haifi jaririya ta wannan hanya a Ostireliya, kuma yau masu neman haihuwa suna cin moriyarta.

A Niyu Zilan, Dokta Graham Liggins ya lura cewa 'ya'yan tumakin da suka sami wani sinadari tun suna ciki suna iya numfashi ko da an haife su bakwaini. A 1972 ya nuna hakan yana aiki ga mata. Wannan ne asalin allurar da muke yi wa mai naƙuda kafin lokaci don huhun jariri ya yi ƙwari.

A 2003 kuma, a can ƙasar, aka gano cewa tumakin da aka rage wa abinci daf da ɗaukar ciki sun fi haihuwa kafin lokaci.

'Yan'uwana mata, darasin shi ne, kula da ciki tun kafin a ɗauke shi ake farawa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa cikin kwana 28, lokacin da wata ma ba ta san ta samu ba. Mai shirin ɗaukar ciki ta fara shan ƙwayar folik asid, ta riƙa cin wake, zogale, alayyafo da ƙwai. Da kin ga ɓatan wata, ki zo awo, kada ki jira sai ya fito. Ki guji shan magani ko jiƙo ba da shawarar likita ba. Maigida, kai ma da naka: cefane mai kyau da kuɗin motar asibiti.

Allah Ya raba lafiya, amin.