Awo da Alkawari: Sana'ar Kek ɗin Biki a Gusau

Daren Alhamis, lokacin da gidan biki ya cika da masu ƙunshi da masu yankan albasa, a wani gida daban a Tudun Wada ko Samaru akwai matar da ba dangin ango ba ce, ba kuma dangin amarya ba, amma bikin nan zai hana ta runtsawa. Gabanta tebur ne da aka shimfiɗa wa farar leda, da sikeli, da gwangwanaye uku masu bambancin faɗi, da takardar da ta rubuta sunan amarya da kalar ankon ƙawaye. Gobe bayan la'asar za a zo ɗaukar kek mai hawa uku. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Mai kek ta ɗauki wani kaso na kunyar nan ta ɗora wa kanta tun ranar da ta karɓi kafin alƙalami.

Wanda ya ga kek a teburin dina zai ɗauka baƙon abu ne da ya faɗo mana daga waya. Siffarsa baƙuwa ce, amma gurbin da ya zauna tsoho ne. Tun kaka da kakanni akwai matan da aka sani da kayan gara a kowace unguwa: mai alkaki, mai nakiya, mai dubulan, daga baya mai cincin. A gida suke aikinsu, yara ke kai saƙo, sunansu kuma yana tafiya daga bakin wannan uwar biki zuwa kunnen waccan. Masu kek na yau ɗiyan waɗannan mata ne a sana'a, wasu ma ɗiyansu ne na jini. Tun da Gusau ta zama babban birnin jihar Zamfara a 1996 ma'aikata suka ƙaru, aka buɗe ɗakunan taro, Jami'ar Tarayya ta zo a 2013 da ɗalibanta, sai buƙata ta faɗaɗa: kamu, dina, suna, walimar saukar Alƙur'ani, kammala karatu, ƙarin girma a ofis, da murnar zagayowar ranar haihuwar yara.

Aikin yana farawa da magana. Mai oda takan turo hoto ta WhatsApp ta ce, "Anti, irin wannan nake so, nawa za ki yi mini?" Gogaggiya ba ta saurin faɗin kuɗi. Sai ta tambayi ranar taro da lokacinsa, yawan mutanen da za su ci, ko a ɗakin taro mai sanyi za a ajiye ko a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, da kuma wanda zai ɗauka. Takan nemi a rubuto mata sunan da za a sa a jiki harafi da harafi, domin A'isha da Aishatu da Indo duk mutum ɗaya ce a gida, amma a jikin kek ba a gogewa. Idan an daidaita, a biya rabi ko fiye. Da wannan kuɗin ake shiga kasuwa.

Kayan haɗi ba su da yawa: fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, bekin fauda da filebo. Fulawa da sukari ana samunsu a babbar kasuwar Gusau, inda dillalai ke saro buhunan Golden Penny da sukarin Dangote, akasari daga Kano, musamman kasuwar Singa. Mai ƙaramin jari tana saye da tiya, mai ƙarfi ta ɗauki buhu mai kilo 50. Bota irin su Simas a bokiti ko kwali take zuwa. Ƙwai kuwa kiret ne mai guda 30, kuma mai kek tana riƙe mai gidan kaji guda da ta yarda da shi, saboda ƙwan da ya kwana biyu a rana ba ya tashi. Kayan ado su ne masu wuyar samu: garin sukarin aisin, kaloli, ƙyalli na ci, faranti na kwali, akwati, da bakunan matsa fure. Waɗannan sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Kaduna ko Legas, a jira mota. Mai kek tana kuma karanta jikin kwali da kyau, domin masu oda suna tambaya ko jelatin ɗin na halal ne, kuma kek mai busassun 'ya'yan itace a nan da ruwan lemo ake jiƙa shi.

Mai dafa tuwo tana iya auna gari da ido, ta ƙara ruwa in ya yi tauri. Kek ba ya karɓar gyara bayan ya shiga wuta, shi ya sa sikeli ya fi kowane kaya daraja a ɗakin. Tsohon awon da aka fi koyarwa shi ne daidai wa daida: bota giram 500, sukari 500, fulawa 500, ƙwai kamar goma, ko da yake da yawa suna rage sukarin saboda aisin ɗin da zai hau kai. Za a fara buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi kamar auduga. Mai injin bugu tana gamawa cikin minti goma. Wadda ba ta da shi, ko aka ɗauke wuta, sai ta rungumi roba ta kama muciya, ta juya hannu ɗaya har kafaɗa ta yi tsami. Wannan bugun ne ke cusa iska a cikin haɗin, iskar kuma ita ce taushin kek. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya ake fasa shi a kofi daban kafin a zuba, don bara-gurbi guda ya isa ya lalata kayan dubbai. Fulawa sai an tankaɗe ta da rariya tare da bekin fauda, sannan a zuba kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali. In aka cika juyi a wannan gaɓar, kek ya fito da tauri kamar burodi.

Gashi shi ne inda ake gane wadda ta san wutarta. Akasarin masu sana'ar da tukunya suka fara: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora kan gawayi, a sa gwangwani a kan duwatsu ko murfin ƙarfe, a rufe, a zuba garwashi kaɗan bisa murfin. Kek ɗin yashi yana da daɗi ƙwarai idan hannu ya saba, sai dai ɗaya-ɗaya yake fita. Da jari ya ƙaru sai a je wurin mai walda ya ƙera obin na ƙarfe mai hawa biyu ko uku, na gawayi ko na gas. Zafin da ake nema tsakanin digiri 160 zuwa 180 ne, kuma minti ashirin na farko ba a buɗe ƙofa, don iska mai sanyi tana sa tsakiya ta lotsa. Alamar nuna ita ce a soka tsinke ya fito a bushe. Kowane obin yana da halinsa: wani ya fi ci ta baya, wani ta ƙasa. Mai shi kaɗai ta san lokacin da za ta juya gwangwani.

Sai ya huce sarai ake taɓa shi. A yanke tudun saman da doguwar wuƙa, a raba shi fai-fai, a shafa aisin na bota tsakani, a yi masa shafe na farko mai kama ɓurɓushi, a bar shi ya ɗaure. Daga nan ko a gama shi da bota, ko a lulluɓe shi da fondan, wato ƙullun sukari da ake murzawa kamar taliya har ya yi faɗi a yafa wa kek kamar mayafi. Kek mai hawa sai an kafa sanduna a cikin na ƙasa, an sa faranti ƙarƙashin kowane hawa, in ba haka ba nauyin na sama zai nutse. Wani lokaci hawa biyu na sama soso ne aka yi wa ado, na ƙasa kaɗai ake yankawa. Mai gaskiya tana faɗa wa uwar biki haka tun wurin ciniki, ta kuma rage mata kuɗi. Furannin sukari kwana biyu ko uku kafin biki ake yinsu, ganye-ganye, a jera a tire su bushe. Iyalai da yawa ba sa son mutum-mutumi a saman kek, don haka gwaninta ta koma kan fure, da zane irin na lalle, da rubutun suna, da kwaikwayon leshin amarya. Kek ɗin walimar sauka kuwa sau da yawa siffar allo ake yi masa, a bar ayoyi a inda suke, a rubuta sunan ɗalibi da addu'ar albarka.

Yanayin Zamfara yana da ta cewa a duk wannan. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, bota tana narkewa a hannu, don haka ado sai tsakar dare ko bayan asuba. Da damina fondan yana gumi, kala ta zubo. Da hunturu yana bushewa ya tsage tun ana murza shi, ga ƙura da ke bin kowace kafa. Firij zai rage wahalar, amma firij sai da wuta, wutar kuma ba a yi mata alkawari. Kowace mai kek tana lissafin man janareta a cikin kuɗin aikinta.

Kaiwa ita ce fargaba ta ƙarshe. Cikin gari a Keke Napep ake kaiwa, ƙane ko ɗa ya rungume akwati a cinya, ana roƙon direba ya lallaɓa a kan kwalta mai ramuka. Bunguɗu kusa ce, a kan hanyar Sakkwato, ana iya zuwa a haɗa hawan a can a dawo kafin magariba. Tsafe ta fi nisa, a kan hanyar Funtuwa, bayan an wuce dutsen Kwatarkwashi, kuma matsalar tsaro ta sa kowa yana son ya bi hanyar da rana tsaka, daidai lokacin da zafi ya fi cutar da aisin. Dabarar ita ce a aika kowane hawa a akwatinsa, a sayi kujera guda a mota domin kek kaɗai, a haɗa da ɗan aisin a leda saboda gyaran inda ya goge. Wannan wahalar ce ta buɗe wa matan Tsafe da Bunguɗu ƙofa. Da yawa sun zo Gusau sun koya, sun koma suna yin na suna da na yara a gida, ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe da ma'aikatan ƙaramar hukuma suna saye, manyan na aure kawai ake nema daga birni.

To, ina riba? Buhun fulawa guda yana fitar da haɗi ɗari na rabin kilo, amma kiret ɗin ƙwai haɗi uku kawai yake yi, saboda haka ƙwai da bota su ne ke cin kuɗin. Buhun da bai kai naira 15,000 ba a 2019 ya haura 50,000 a 2024, domin yawancin alkamar da masana'antunmu ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, ga yaƙin Rasha da Yukiren tun 2022, ga faɗuwar naira. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na janareta suka bi. Mai oda kuwa tana tuna farashin bikin yayarta. "Haba Hajiya, ba fulawa da sukari ba ne kawai?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce araha ba ta ado. Kuskuren sababbin shiga shi ne su lissafa kayan haɗi su manta da gas, da akwati, da kuɗin data, da awa goma da suka yi a tsaye. Wadda ta daɗe tana da littafi: kuɗin kaya daban, ladan hannu daban, na jari daban. Wadda ta haɗa kuɗin oda da na cefane a jaka ɗaya, wata uku ya ishe ta ta ga gindin bokitin bota babu na sake cikawa.

Masu sana'ar ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Shagon yawancinsu a cikin waya yake: nan hotuna, nan ciniki, nan shaidar biyan kuɗi. Dare ɗaya aka rufe shi. Gusau ta samu layi bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi suka daɗe fiye da haka, a farkon katsewar kuwa mutane suna tafiya har Funtuwa don su buga waya. Waɗanda suka ci gaba da aiki su ne waɗanda unguwa ta san ƙofar gidansu, aka koma aiken yara da takarda kamar zamanin masu alkaki.

Kek ɗin aure ba kullum ake samunsa ba. Yana yawa kafin azumi, da bayan sallah, da bayan kaka in amfanin gona ya shigo. Abin da ke riƙe gida tsakanin waɗannan lokuta ƙananan kaya ne: kek na kofi da donat da ake kaiwa shaguna da makarantu, mitfai da samosa na buɗa-baki a watan Ramadan, cincin bokiti-bokiti idan sallah ta matso. Koyarwa ma hanya ce. 'Yan mata da matan aure suna biya su zauna wata ɗaya ko uku, su fara da wanke gwangwani da shafa masa bota, su koyi awo, kafin a ba su bakin matsa fure. Malamar kirki tana nuna musu kek ɗin da ya ƙone da wanda ya lotsa, ta faɗi dalili, don su san cewa asarar farko kuɗin makaranta ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar mota ta zo, aka ɗauki kek ɗin, mai kek ta bi akwatin da ido har kwana. Ba ta zuwa wurin dina. Tana gida tana kankare tebur, waya a gefe, har wajen ƙarfe goma na dare hoto ya shigo: amarya da ango sun haɗa hannu a kan wuƙa, kek yana tsaye kyam, suna daidai, fure bai motsa ba. Ƙarƙashinsa uwar biki ta rubuta, "Hajiya, kin fitar da ni kunya, Allah ya yi albarka." Sai ta ce amin, ta buɗe littafinta ta ja layi a kan wannan oda, ta duba ta gaba: suna ne ranar Talata, a Bunguɗu, kuma ƙwai saura rabin kiret.